Ciya, Dusa da Akuyar Goggo

Ranar da na fara jiƙa ta, Goggo ta leƙa kofin da na ajiye a bakin tagar kicin, ta ja da baya tana yatsina fuska. "Ke 'yar nan, ƙwan kwaɗi kika kwaso mana daga kududdufi?" Ban ga laifinta ba. Duk wanda ya taɓa tsugunawa a bakin ruwa da damina ya san kamanninsa: ɗigo-ɗigon baƙi, kowanne a lulluɓe cikin yauƙi mai sheƙi. To, haka abin da ke kofina yake, ba ragi ba ƙari. Na ce mata ciya sunanta, ƙwayar wani tsiro ce da ake ci, daga ƙasar waje ake kawo ta. Ta karkato kunne ta ce, "Ciyawa?" Na ce a'a Goggo, ciya. Ta ce, "To, Allah ya sa a dace," ta ɗauki kwanon dusa ta nufi wajen akuyarta.

Goggo mahaifiyar maigidana ce. Shekara tara ke nan muna zaune tare a Fadaman Mada, kuma ban taɓa shigo da sabon abu kicin ba sai ta raɗa masa suna. Tukunyar da ke dafa wake da tururi ita ce "mai fushi". Injin markaɗena na lantarki kuwa "sai Nepa ta so". Ita ma wannan har yau ƙwan kwaɗi take a bakinta.

Ba zan ɓoye muku ba, ba don lafiya na saye ta ba. Don tumbi na saya. Tun haihuwata ta biyar cikin nan ya ƙi komawa, har ta kai telata ta ɗora tef a ƙuguna lokacin ɗinkin Sallah, ta yi shiru, can ta ce, "Malama, sai dai a ƙaro yadi." A daidai lokacin ne wata mata a zauren adashenmu na WhatsApp ta ishe mu da hotuna: ga mace da teɓa a hagu, ga ta a dama ta koma kamar budurwa, a ƙasa an rubuta kwana 14 kacal. Ni da nake koya wa 'yan aji biyar lissafi, ban tsaya na yi nawa lissafin ba. Na tura kuɗi, mai Keke Napep ya kawo mini 'yar roba da aka rubuta Chia a jikinta. Abin da ke ciki bai cika gwangwanin madara biyu ba. Kuɗin kuwa, da kasuwar Muda Lawal na kai shi, da na dawo da mudun wake har da canjin kayan miya.

Mai sayarwar ta ce cokali uku a ruwan ɗumi, a matsa lemon tsami, a sha kafin a karya. Ba ta ce a jira ta jiƙu ba, ni ma ban jira ba. Na zuba, na juya sau biyu, na kurɓe tana ƙaras-ƙaras a haƙori, na saɓi jaka na tafi makaranta. Kwana biyu ina haka. A rana ta uku, tun kafin a tashi tara, cikina ya ɗaure tam kamar fatar kalangu. Ina tsaye gaban allo ina raba 84 gida 7, ciki na ƙugi, 'yan layin gaba suna kallon juna suna ƙunshe dariya. Da na samu na isa ofishin malamai na zauna na sassauta zani, wata abokiyar aikina ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, ko dai ƙaruwa muka samu?" An ce garin neman ƙiba a kan samo rama. Ni garin neman rama na samo kumburi.

Da yamma na kira Yayata, wadda ta haura shekara ashirin tana aikin jinya. Sai da ta gama dariyarta tsaf sannan ta hau ni da faɗa. "Ke da karatunki? Kin san abin da kika antaya wa hanjinki kuwa?" Ta ce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ciya harza ce, wato ɓangaren abincin da ciki ba ya narkarwa, wanda su a asibiti suke kira faiba. Cokali biyu na cin abinci a cike, kimanin giram 28 ke nan, suna ɗauke da harza kusan giram 10. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla giram 25 a yini. Ni kuwa da na saba karyawa da shayi da burodi, rana farar shinkafa, dare tuwon da aka surfe aka tankaɗe har ya yi fari sol, sai kawai na zuba wa hanjin da bai saba ba kusan rabin abin yini a kurɓi ɗaya, ba kuma wani ruwan kirki a bayansa. "Akwai ƙananan halittu a hanji, su ke cin harzar nan," in ji ta. "In kika ba su da yawa farat ɗaya, iska suke saki. Ƙugin da kike ji, biki suke yi a cikinki."

Daga nan ta sauya murya, ta ce kumburi ma mai sauƙi ne. Ƙwayar ciya tana shan ruwa ninkin nauyinta goma zuwa goma sha biyu, ta kumbura ta yi kauri. In a kofi ta yi wannan aikin, lafiya lau. In a maƙoshi ta yi shi, an shiga uku. A 2014 likitoci a Amurka sun ba da labarin wani mutum ɗan shekara 39 da ya watsa cokali guda na busasshiyar ciya a baki ya bi ta da ruwa. Ta kumbura a hanyar abincinsa ta toshe ta, ko yawu ya kasa haɗiyewa, sai da aka zura masa siririn bututu mai kyamara aka riƙa tura ta ciki kaɗan-kaɗan. Dama mutumin yana da matsalar haɗiya, shi ya sa Yaya ta ja mini kunne musamman a kan Goggo da autana: kada busasshiya ta kusanci bakinsu. Ni kuma ta yanka mini doka. Ƙaramin cokalin shayi ɗaya a rabin kofin ruwa, a bar ta aƙalla minti ashirin zuwa talatin, ko ta kwana. Mako guda a haka kafin in ƙara. Sannan in riƙa shan ruwa da rana kamar mai hankali, ba sai ƙishi ya ci ƙarfina ba.

Washegari, wato ranar ƙwan kwaɗi, na ja kujera na zuba wa kofin ido. A bushe ba ta kai riɗi girma ba, kuma in ka kusanto da ita ido za ka ga ba baƙa ba ce gaba ɗaya, zane gare ta na toka-toka da baƙi kamar gashin zabo, da 'yan farare jefi-jefi. Na faɗi haka ne don maƙwabtana biyu sun rantse mini habbatus sauda ce aka sauya wa suna. Ba ita ba ce. Habbatus sauda baƙa ce wuluk, mai kusurwa, mai ƙamshi da ɗaci, ita kuwa wannan lami ce, ba zaƙi ba ɗaci ba ƙamshi. Minti biyar na farko a cikin ruwa ba ka ganin komai, sai ƙwayoyin suna yawo, wasu sama wasu ƙasa. Can sai ka ga kowace ta yi wani farin kewaye kamar hazo ya zagaye wata. In ba ka juya ba a daidai wannan lokacin, sai su dunƙule a gindin kofi kamar gudajin kunu, waje yauƙi ciki a bushe. Sau biyu ake juyawa, da farko da kuma bayan minti biyar ɗin nan. Kafin rabin awa ruwan ya yi kauri da yauƙi.

Malam, maigidana, bai ce uffan ba sai ranar da ya ji kuɗin. Muna cin tuwon dare ya ce, "Kakanninmu da suka kai casa'in suna riƙe da fartanya, ciya suka ci? Abincin baƙi ne wannan." Ni kuwa lokacin na riga na yi karatuna a kanta, don kunyar abin da ya same ni. Na ce ƙwarai baƙuwa ce. Asalinta Meziko da Gwatemala, dangin na'a-na'a da ɗoɗɗoya ce. Mutanen Aztek, masu tsohuwar daula a Meziko, suna nomanta tare da masara da wake, har haraji ake biyan sarakunansu da ita. Da Turawan Sifaniya suka ci daularsu a 1521 sai nomanta ya ja baya, ta koma abincin 'yan ƙauyuka, har zuwa shekarun 1990 da aka farfaɗo da ita a arewacin Ajantina. Yau Faragwai da Bolibiya da Ajantina da Meziko ne manyan masu noma ta. Turai ma sai a 2009 suka amince a riƙa sa ta a burodi. Sannan na ce, "Malam, tuwon da ke gabanka na mene ne?" Ya ce masara mana. Na ce to ita ma 'yar Meziko ce, garinsu ɗaya. Tumatir da barkonon da ke cikin miyar, da gyaɗar da aka matse man, duk daga can nahiyar suka ƙetaro. Ya kai loma, ya tauna, ya ce, "Ita masara ai ta yi zaman da ta zama 'yar gida. A bayan katangar nan take fitowa, ba a tura mata kuɗin jirgi." A nan ya fi ni gaskiya, na yi shiru.

Zancen tumbi kuwa gajere ne. Wata uku ina sha ba fashi. Kilo 81 sikelin kemis ya nuna ranar da na fara, kilo 81 ya nuna ranar da na koma. Ashe ba a kaina farau ba. Tun a 2009 masu bincike a wata jami'a da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka ɗauki mutum 90 masu ƙiba, suka riƙa ba wasunsu giram 50 na ciya kullum har mako 12, a ƙarshe nauyinsu bai bambanta da na waɗanda ba a ba su ba. Kuma in an duba da kyau babu abin mamaki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar nan mai ne. Cokali biyun nan suna da kalori 138, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusan abin da ke cikin gwangwanin lemo ɗaya. In kin ɗora ta a kan abin da kika saba ci ba ki rage komai ba, ƙari kika yi. Da na yi wa mai sayarwar ƙorafi, ba kunya ba tsoron Allah ta ce ai ban haɗa da shayinta na musamman ba ne, shi kuma kuɗinsa daban. Ita ce kuma daga baya na ga ta rubuta wai ciya na warkar da ciwon suga da hawan jini. Wannan ta fi ta tumbin ɓata mini rai. Ƙaryar tumbi aljihu kawai take ci, amma wannan tana iya sa wani bawan Allah ya ajiye ƙwayoyinsa na asibiti.

To me ya hana ni wurgar da robar? Abu biyu ne, na farkon kuma irin wanda mata ba mu cika faɗa a fili ba. Tun cikina na uku nake fama da taurin bayan gida, sai in yi kwana uku ban zaga ba, in na zaga kuma kamar naƙuda. Babu jiƙon da ban sha ba. Masu lasifikar nan na bakin kasuwar Wunti da ke lissafa alamomin basir tun daga ciwon kai har zuwa faɗa da miji, sun ci kuɗina ba sau ɗaya ba. Mako na uku da bin dokar Yaya, abin ya daidaita, kullum da safe, ba yunƙuri ba gumi. Harzar tana riƙe ruwa a hanji, tana ƙara wa bayan gida yawa da laushi, shi ke nan sirrin. Wanda bai taɓa wannan wahalar ba ba zai gane dalilin da ya sa na yafe wa ciya zancen tumbi ba.

Na biyun yunwar tara ce. Akwai mai masa a bakin makarantarmu, kuma duk ɗan Bauchi ya san ba a wuce masa tana tashi daga tanda a kau da kai. Da, shida nake ci da yaji da ƙuli, wani lokacin in ƙara biyu don kada a ce na yi rowa wa cikina. Shayi da burodin safe kafin ƙarfe tara sun bi iska. Da na koma karyawa da kindirmo da ciya da ayaba, sai in kai sha ɗaya ban tuna da abinci ba, don yauƙin nan yana sa abinci ya daɗe kafin ya bar ciki. Yanzu biyu nake saya, don marmari. Har mai masar ta tare ni ta ce, "Malama, faɗa muka yi ne?"

Yadda nake yi ba shi da wuya. Bayan sallar isha'i in zuba babban cokali ɗaya a tsohuwar kwalbar Bama da na wanke, in ƙara rabin kofin ruwa, in juya, in rufe. Da safe in juye a kindirmon da Bafulatanarmu ke kawowa, in yanka ayaba ko gwanda, lokacin mangwaro kuwa ba a magana. In ina son zaƙi in daddatsa dabino biyu maimakon sukari. A kunun gyaɗa ma tana shiga, amma sai ya ɗan huce. Inda ta fi ɓuya shi ne fura da nono, don ita fura dama tana da nata tsaki-tsakin, yara sai su shanye ba su san an yi ba. Mutanen Meziko a ruwan lemon tsami suke shanta, ni kuma na gwada a zoɓo, yarana suka sa masa suna zoɓo mai ido, suna rige-rigen wanda zai fi samun idanun.

Na yi ɓarna ma. Na taɓa zuba ta a miyar kuka, yauƙi ya hau kan yauƙi, Malam ya ɗaga loma miyar ta biyo shi har kusan kafaɗa, ya ajiye ya ce a kawo masa yaji da mai. Na sa ta a ƙullun masa, ta shanye ruwan ƙullun, masar ta fito da nauyi kamar dutsen guga. Sannan na taɓa jiƙa ta kwana huɗu a haɗe da nono don in huta, na dogara da firij, Nepa ta ɗauke wuta kwana biyu a tsakiyar zafin Maris. Ba sai na faɗi abin da na tarar ba. Tun daga ranar ta gobe kawai nake jiƙawa. Busasshiyar kuwa tana daɗewa in an rufe ta da kyau an nisanta ta da murhu da rana. In ka buɗe ka ji tana warin tsohon man gyaɗa, ta tashi aiki.

Da azumi ina shanta da sahur. Masu talla suna cewa tana hana ƙishirwa, kamar dai za ta mai da mutum raƙumi. Ni dai ƙarfe biyun rana a Bauchi da azumin bazara maƙogwarona yana bushewa kamar na kowa. Yunwa ce take jinkirta mini, ita ma zuwa azahar.

Abin da ya sauya mini kicin gaba ɗaya ba a cikin kwalbar ya faru ba. Wata Asabar ce aka dawo mini da masara daga injin surfe. Yaron ya sauke buhun surfaffiyar masara, fara tas, ya ajiye ledar dusa a gefe. Goggo ta karɓi ledar kamar kullum, ta juye a tsohon kwanonta mai lamba, ta yayyafa ruwa da ɗan jiƙon kanwa, ta cuɗa da hannu, ta tura wa akuya. Ina tsaye a ƙofar kicin da kwalbata ina juyawa. Na dubi akuyar nan tana ci tana kaɗa bindi, gashinta sai sheƙi yake, ba ta taɓa neman mai maganin basir ba, nata kuwa kullum a kan lokaci, ƙwaya-ƙwaya, ni ce shaida don ni ke sa a share. Sai cokalin ya tsaya a hannuna. Harzar da na tura kuɗi aka ɗauko mini tun daga Faragwai, ita nake biyan mai inji ya cire mini daga masarata, in ba akuya kyauta.

Da na fara dubawa sai na ga ba masara kaɗai ba ce. Kofi ɗaya na dafaffen wake da ɓawonsa yana da harza kusan giram 11, ya ma ɗara cokali biyun ciya. Amma in za mu yi ƙosai ko alale sai mu jiƙa shi, mu surfe, mu wanke ɓawon ya bi kwata. Aya mu markaɗa, mu tace, mu zubar da tuƙar, mu cika ruwan da sukari. Gero mu tace gasara mu ba dabbobi sauran. Lemo mu tsotse ruwan mu yar da naman cikin. Shi kansa yauƙin da nake zaune ina kallo a kofi kamar wani abin al'ajabi, ai irinsa ne a kuɓewa da kuka da karkashi da lalo, miyoyin da yarana ke kira miyar tsofaffi, ni ma ina taya su da rage yin su don a zauna lafiya.

Na kai wa Goggo wannan sabon ilimin nawa da zumuɗi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Surfe ba hauka ba ne, 'yar nan. Garin da ba a surfa ba, mako biyu ya fara ɗaci. Hatsin da ya kwana a rumbu ya sha raɓa, a ɓawon funfunar take zama. Kuma a zamaninmu, in aka ga baƙin tuwo a gida sai a ce matar gidan ragguwa ce." Na sake kiran Yaya, ina sa ran ta goya mini baya, sai ta raba mana gardamar. Ta ce Goggo ba ta yi ƙarya ba. Ƙwayar masara akwai mai a idonta, shi ke sa garin saurin lalacewa, kuma gubar funfuna ta fi taruwa a bayan ƙwaya, surfe yana rage ta. In ina son tuwo da dusarsa, to sai in zaɓi hatsi mai kyau, busasshe, in tsince duk wadda ta sauya launi ko ƙwaro ya huda, in wanke, in shanya ta bushe ƙarau, in niƙa daidai na mako guda.

Haka nake yi yanzu, rabi surfaffe rabi da dusarsa. Daren farko Malam ya buɗe kwano ya ce, "Yau kuma tuwon makarantar kwana aka yi mana?" Zuwa mako na uku ya daina magana, ni kuma ban tuna masa ba. Alale nake markaɗawa da ɓawonsa, ya fi duhu amma ɗanɗanon na nan. Faten wake ya dawo, kwaɗon zogale sau biyu a mako, kuɓewa ɗanya ranar Juma'a ko yara sun so ko sun ƙi. Aya kuma a ba su su tauna, haƙoransu ai ba na ado ba ne.

Sai riɗi, wanda ya fi ba ni haushi. A jihar nan ake noma shi, muna ganin manyan motoci suna lodinsa zuwa Legas, daga can a wuce da shi Japan da Turkiyya, mu kuma sai dai kantu in an tuna. Riɗi da ɓawonsa ya fi ciya kalsiyam, sinadarin nan mai gina ƙashi: a giram 100 yana da wajen miligiram 975, ita kuwa 631. Yanzu ina soya shi sama-sama in ajiye a kwalba kusa da tata, in barbaɗa a kwaɗo da dambu.

Amma kada in zalunce ta, akwai inda ta fi su. Man da ke cikinta mafi yawansa omega-3 ne, wani nau'in mai da jiki ke bukata, kusan giram 5 a cokali biyu, alhali riɗi da gyaɗa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Waken suya na da kaɗan, wato awara ma ba ta banza ba ce. Sai dai omega-3 na tsiro ba irin na kifi ba ne, jiki sai ya juya shi kafin ya zama wancan, kuma ɗan kaɗan yake iya juyawa. Don haka ciya ba ta sallami kifin Titus da sadin daga tukunyata ba. Matsayin da na ba ta cokali ɗaya ne a rana, rabin kilo ya kai ni wata guda da kwanaki, kuma na daina saye a hannun masu hoton hagu da dama. Wajen masu zuma da habbatus sauda nake zuwa a auna mini, in zuba a tafin hannu in ga zanen zabon nan da idona, in shinshina, sannan in biya.

Malam ma ya shigo layi, ta bayan gida kamar yadda maza suka saba. Ya ga ina shan fura ya ce a ɗan sa masa "abin nan naki". Da yake yana shan maganin hawan jini, Yaya ta ce kada a fara sai ya tambayi likitansa, don ciya na iya ɗan sauke jini da suga, haka nan mai shan maganin tsinka jini shi ma sai da shawara. Ya tambaya ranar da ya je awo. Aka ce masa cokali ɗaya a abinci ba komai, amma ko da wasa kada ya ajiye ƙwayarsa, kuma gishirin da yake ƙarawa a miya ya fi komai bukatar a duba. Wannan na ƙarshen bai faɗa mini ba, a bakin ƙaninsa da ya raka shi na ji.

Farkon daminar bana autana ya wanke kwalbata a gindin randa, ya zubar da 'yan ƙwayoyin da suka maƙale. Bayan kwana huɗu wurin ya yi kore shar, 'yan tsirrai cunkus masu ganye bibbiyu. Yara suka yi ta ihu wai mun zama manoman ciya, an huta da saye. Na kwashe su da ƙasarsu na dasa a tsohon bokiti, na ajiye bayan kicin, kullum kafin in tafi makaranta sai na leƙa. Na karanta cewa furenta shuɗi ne mai ɗaukar ido, na ƙudura sai na gan shi. Sun kai tsawon taƙi, ganyen ya fara faɗi yana kama da na ɗoɗɗoya.

Ran nan na dawo daga makaranta na tarar da bokitin a kife, ƙasa a warwatse, ko kara ɗaya ba a bari ba. Akuyar na gefe da guntun igiya a wuya tana tuƙa, hankalinta kwance. Goggo na kan tabarma tana jan carbi. Na tsaya riƙe da jaka na kasa magana. Sai da ta kai ƙarshen carbin, ta shafa, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ai tun ran farko na faɗa miki," in ji ta. "Ciyawa ce."